Zazzaɓin Waya

Tawa, watan Afrilu, ƙarfe biyu na dare.
Bango yana amayar da ranar da ya sha.
Na fito zaure neman iska,
na dafa gini, hannuna ya faɗa kan wayar kuran,
wadda ta sauko daga turke ta shige kwantar.
Da ɗumi.
Irin ɗumin goshin yaro
idan masassara ta yi sallama ba ta shigo ba tukuna.

Na tsaya cikin duhu ina ƙidaya da yatsu:
firigo biyu na Habsu,
ƙanƙara dala biyar biyar, ita ke biyan makarantar yara;
fanka huɗu masu juya zafi daga kusurwa zuwa kusurwa;
injin da ke tura ruwa saman tanki;
dutsen gugar Baraka tela, da ba ya barci kafin salla;
ga kilim ɗin Sahabi ɗan haya
yana gurnani tun isha'i.
Yatsu suka ƙare, kaya bai ƙare ba.

Duk a wuyan waya guda,
wadda kaurinta bai kai ɗan ƙaramin yatsana ba.
Baba ya ja ta
lokacin da arzikin gidan ƙwai uku ne da rediyo.

Jakin ɗaukar albasa, in an yi masa yawa,
durƙusawa yake a tsakiyar hanya, kowa ya gani.
Waya ba ta durƙusawa.
Ba ta haki, ba ta kuka.
Cikinta take dafuwa, ta yi shiru.

Da safe na kira Cindo mai gyara.
Ya kashe kuran kafin ya ce uffan,
ya buɗe akwati, ya kai hanci, ya sansana.
Ya ce, "Ɗan ɗumi ba laifi ba ne,
mai aiki ba ya rasa gumi.
Amma in ka riƙe ka kasa jimrewa,
in roba ta yi laushi, ta sauya launi,
in ka ji ƙauri ba kowa a murhu,
kada ka tsaya neman shawara."
Sai ya nuna mini wani noti da ya saki,
gefensa baƙi kamar gindin tukunya.
"Nan ta soma ɗora girki," in ji shi.
"Wa ya ɗaure madatsa da zare don kada ta faɗi?"
Kowa ya dubi takalminsa.
Ni ne.

Kuɗin waya mai kauri ya sa Habsu salati.
Sahabi ya ce hayarsa ba ta haɗa da tagulla ba.
Muka yi ta ja har shayi ya huce,
kafin Baraka ya ajiye nasa kason a kan tabarma,
ya ce, "Ɗinkunan mutane ashirin ne a ɗakina.
Toka ba ta karɓar haƙuri."

Yanzu guga sai da asuba,
injin ruwa sai kilim ya huta.
Sabuwar waya ta kwanta a bango, baƙa, mai ƙiba.
Amma har yau, in na farka tsakar dare,
nakan taɓa goshin Nafi,
in ja mata zane,
sannan in fita zaure babu takalmi,
in ɗora bayan hannu a kan robar ɗaya ɗiyar.