Wutar Jiya

Da hantsi Hajiya Tasalla ta aiko jikanta
daga Yakasai, a bayan Adaidaita,
da rediyon katako naɗe cikin tsohon zane
kamar za a kai mara lafiya asibiti.
Saƙon gajere ne: na Malam ne, mai rasuwa.
Shekara tara ba wanda ya murɗa shi.
Jiya na kunna, gurnani kawai yake,
ya ƙi magana.

Na kwance bayansa. Gizo-gizo ya yi gida,
ya haihu, ya tashi.
Kwalabe biyar a tsaye kamar sahun asuba.
Na ba su wuta kaɗan-kaɗan,
suka yi ja a hankali, irin jan garwashin mai tsire.
Lafiyarsu ƙalau.
Kullum kwalba ake zargi, don ita ake gani.

Ciwon yana ƙasa, inda ido ba ya zuwa.
Kwandansa ne, 'yan ƙanana masu rigar kakin zuma,
sun yi gumi, sun tsage, sun zubar da cikinsu.
Babbar kuwa, mai gwangwani,
ta kumbura, ta yi farar kanwa a baki
kamar gindin katangarmu bayan damina.

Yaro, janye hannunka.
An zare filogi, na sani. Ita ba ta sani ba.
Wannan aba riƙo gare ta,
wutar jiya na nan cikinta tana jiran yatsa.
Dubi tabon nan.
Shekarar da na fara koyo wajen Ogbonna a Sabon Gari
na same shi, bai ce mini sannu ba,
cewa ya yi gobe ma in taɓa.
Sai an sauke mata abin da ta ƙullata,
sannu sannu, har allurar mita ta kwanta,
sannan a kai mata hannu.

Sababbin ba su fi ƙwayar gyaɗa ba,
shuɗɗa, ba kwarjini.
Ɗaya nake cirewa, ɗaya nake sawa,
ba na cire biyu, kar hanya ta ɓace mini.
Kowace da gabanta da bayanta,
ka juya ta, ta fashe maka a fuska.
Dalma na narkewa, hayaƙi na neman idona.
A ta shida aka ɗauke wuta.
Muka ci gurasa, muka yi azahar, muka yi la'asar,
sannan aka kawo.

Babbar ban jefar ba.
Na fafe ta kamar ƙwarya,
na ɓoye sabuwa a ciki, na mayar da murfi,
don in Hajiya ta leƙa
ta ga abin da Malam ya bari.

Na murɗa. Kwalba ba ta gaggawa,
sai ta ɗumama take gaisuwa.
Can sai murya ta taso daga nesa, ta matso, ta zauna,
ana faɗin kuɗin gero a Dawanau.

Na ce, Sagiru, kasa kunne.
Da sauran gurnani?
Ya dube ni, ya zaci jarrabawa ce.
Ba jarrabawa ba ce.
Shekara uku ke nan kunnena na hagu
yana da nasa ƙugin, dare da rana,
ba na rabe na rediyo da nawa.
Na san Sabon Gari rumfa-rumfa,
ba mai sayar da irin wannan.

Ya ce, Baba, tas yake.
Na karɓi maganarsa, na ɗaure kusoshi.

Tsofaffin, goma cif, na ƙulle a leda.
Ya ce, a zubar?
Na ce, ka kai mata.
Ka ce na sauke musu, ba komai cikinsu yanzu.
Ta riƙe su da hannunta in tana so,
ba za su cije ta ba.