Daga Ɗaya Zuwa Biyar

Takarda ta sauko daga hawa na bakwai,
inda tagogi ke kallon tashar jiragen ruwan Valparaíso.
Tambaya ɗaya ce a ƙasanta:
"Likita Quiroga, yaya gamsuwarki da aikinki?
Zaɓi daga ɗaya zuwa biyar."

Na ɗora mata kofin gahawa.

Shekara shida ke nan da aka damƙa mini sashen huhu:
gado talatin da biyu, likita tara, mabuɗin ofis mai tsatsa.
Ran nan har da tafi.
Ba wanda ya ce mini abin sauraren ƙirji
zai koma sarƙar wuya, ado kawai,
ni kuma in koma mai ƙirgen kwanaki.

A bango akwai allo mai haske.
Kore in mun sallami mutane da wuri,
ja in gado ya riƙe mutum fiye da kwana huɗu.
Wata goma sha ɗaya muna kore shar.
Har lambar yabo aka ba mu, ta gilashi,
Baltasar, babban nas, da ita yake danne takardu
in iskar teku ta shigo.

Ban raina allon ba.
Na san masu kwana kan kujera a hawan ƙasa
suna jiran gadon da zan saki.
Sai dai wani koren
kallon kitse ne ake wa rogo.

Jiya da dare, gado na sha bakwai:
Don Evaristo, masunci, saba'in da huɗu,
hannuwa kamar igiyar da gishiri ya ci.
Takardunsa sun ce ya warke.
Shi ya ce gidansa na kan tudu,
matakala ɗari da tamanin,
kuma tun da Ondina ta rasu ba mai kunna murhu.
Da dariya ya faɗa, tari ya ƙwace dariyar.

Na ciro abin sauraren daga wuyana.
Sanyinsa ya ba ni kunya.
Na ɗora a bayansa, na ce ja numfashi.
Can ƙasa, ta hagu, wata 'yar ƙara,
kamar ana taka busasshen ganye a bayan katanga.
Hoto bai nuna ba. Ni na ji.
Ashe kunnena bai yi ritaya ba.

Na rubuta: a ƙara masa kwana biyu.

Da safe allo ya yi ja wur.
Waya ta yi ƙara tun ban cire rigar sanyi ba,
murya mai ladabi daga sama:
ko an sami tangarɗa a tsarin aiki?
Na ce an sami matakala ɗari da tamanin.
Aka yi shiru.
Aka ce babu gurbinsu a fom.

A hawan ƙasa wata ta ƙara kwana kan kujera saboda ni.
Na sauka na gan ta. Fresia sunanta,
ta lulluɓa da rigar ɗanta, tana gyangyaɗi.
Na gyara mata robar iska a hanci.
Ban ce mata ni ce ba.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Yanzu ƙarfe tara. Takardar na nan.
Gindin kofi ya bar mata zobe,
ya kewaye biyu da uku da huɗu a tare,
ya fi ni sanin amsa.

Baltasar ya leƙo:
gado na sha bakwai na nemanki,
wai ya ga yadda kike ɗaure takalmi,
zai koya miki ƙulli na gaske.

Na bar biron a buɗe.