Miyar Rubab

A Lids rana kan tashi aiki kafin ni.
La'asar ba ta gama naɗe tabarma ba,
magariba ta ƙwanƙwasa ƙofa.
Nakan fito asibiti hannu a aljihu,
numfashina na tafe gabana
kamar hayaƙin murhun da ba tukunya a kai.

Cikin Janairu tsohuwa Morin
ta miƙo mini ta saman katanga
wasu sanduna jajaye ɗaure da zare.
"Rubab," in ji ta. "A duhu ake renonsa,
rumfa ce ba taga,
da kyandir ake girbinsa kada rana ta taurara shi.
Ki zuba sukari, ki gasa da fulawa."

Na gutsura ɗanye.
Haƙorana suka mutu,
sai ga ni bayan ɗakin Gwaggo Kubura a Malumfashi
ina tsinkar yakuwa, zanina jiƙe da raɓa.

Ban zuba sukari ba.
Na kwance daddawar da Inna ta ƙunsa leda uku,
na daka gyaɗa, na jefa ƙwayar kanwa,
attaruhu daga shagon Iftikar.
Morin ta kai loma, ta yi tari, ta share ido,
ta turo kwano a ƙara.
Shekara saba'in tana cin abin nan,
ba ta san yana jin Hausa ba.

Yanzu da baki nake ƙirga wata.
Yuni, sitiroberi,
da azumin shekarar zuwana
da rana ta yi kememe ta ƙi faɗuwa har tara da rabi.
Satumba, baƙaƙen 'ya'yan ƙaya a bakin ruwa,
ba mai su, suna rina yatsa kamar ɗinya.
Oktoba kuwa ba na faɗa wa Inna:
kabewa ake fafewa a yi mata ido da haƙora,
a kunna mata wuta a ciki,
kwana biyu a watsar.
Taushen unguwa guda a kwandon shara!

Jiya a waya ta ce, "Kin yi haske, Sa'ade.
Me kike ci a garin nan?"
Na dubi taga, uku da rabi an kunna fitilun titi.
Na ce, "Yakuwarsu, Inna.
A duhu take girma,
amma tana yin miya."