Minti Goma a Kan Agogo

Minti goma aka ba mu, agogo na cin su kamar gara.
Daren Afrilu a Ohio, ruwa na bugun taga,
kofi ya huce, abincin dare ya sandare a kwali.
Sunaye biyu suka rage a allo:
Dontrell Mabry, mai farautar mai jifa,
Kenyon Tibbs, mai gadin gefe.

Pruitt, shugabanmu, ya naɗe hannun riga.
"Mabry nake so.
Ku dubi hannuwan nan, inci talatin da biyar.
Ƙato ne, amma yana karya kwana kamar babur.
Mai jifa daƙiƙa uku yake roƙo,
Mabry ya ba shi biyu, ya ƙwace sauran.
Wa ke tare kogi a bakin teku?
A mafari ake toshe shi, tun yana tsiyaya.
Mutumin da ke kwance da ciyawa a baki,
ban taɓa ganin ya yi jifa ba."

Corinne ta ɗago kai daga kwamfuta.
Ta ce masu jifan yanzu ba sa jira,
kafin ƙaton ya yi taku uku ƙwallo ta bar hannu.
Sai ta karanto abin da likita ya rubuta
a kan gwiwar hagu.
Ba wanda ya tanka.

Saura minti shida.

Ni Delbert, shekara talatin da ɗaya ina bin hanya,
na kashe mota huɗu da aure ɗaya
wajen duba 'ya'yan mutane.
Na ga Tibbs a Alabama ranar da aka kunyata shi:
wani ya wuce shi fuu, yadi sittin,
mutum dubu tamanin suka miƙe da ihu.
Ban bi wanda ya ci da ido ba. Shi na kalla.
Ya gyara hular kwano, ya tofar da yawu,
ya koma gefensa shi kaɗai
kamar a wani gari abin ya faru.
Jifan da ya biyo baya, a hannunsa ya ƙare.

Na ce, "Yaron nan da baya yake gudu,
yana karanta ƙugun wani kamar wasiƙa.
Mabry ya sha kaye hamsin, ya kayar sau biyu,
a kira shi gwarzo.
Tibbs ya tsare hamsin, biyu su kuɓuce,
a ce a sallame shi.
Ranar da ya fi iya aiki, lasifika ba ta san sunansa ba.
Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo.
Ina so in san wa ke tsaye a wurin."

Pruitt ya murmusa. "Shi ya sa ba na so ya tashi."

Saura minti biyu.
Duk mun san abin da ba mu faɗa ba:
kowannensu lokaci yake sayo wa ɗan'uwansa,
mu kuwa kujera ɗaya gare mu.

Ya ɗaga waya.
Can a Mississippi wani falo ya fashe da kuka,
muna jin kakar yaron tana ta godiya ga Ubangiji.
Na yi tafi. Da gaske na yi.

Ba a rufe rabin awa ba, maƙwabtanmu,
waɗanda muke karo da su sau biyu kowace shekara,
suka ɗauki Tibbs.

Na ninke rahotona, shafi tara, na cusa a aljihu.
A wajen ajiye motoci ruwa bai ɗauke ba.
Corinne ta ce, "To, wa ya yi daidai?"
Na ce, "Ki tambaye ni bayan shekara uku,
in gwiwa ta riƙe,
in ni ma ina nan."

Na tada mota. Da asuba ina da tafiya.
An ce akwai wani yaro a Dakota
da ba ya waiwaye.