Shafi na Arba'in da Ɗaya

Na saye shi a ƙasan gadar Ƙofar Nassarawa,
wajen mai baza littattafai kusa da mai gyaran takalmi,
naira ɗari bakwai, bangon ya sha rana har ya koɗe.
Na ce abin rage dare ne.

Labarin farko, akawu ya mutu zaune a kujerarsa.
Kwana uku fanka na kaɗa masa wuyan riga,
ba wanda ya lura.
Ranar Juma'a kamfani ya ba shi lambar yabo,
shi kaɗai ne bai nemi izinin fita ba.
Na yi dariya har Tabawa ta leƙo daga kicin
da ludayi a hannu, wai ko lafiya.

Na biyu, manaja ya sa a riƙa auna hawayen ma'aikata da cokali,
wanda ya wuce biyu a wata, a zaftare a albashi.
Nan ma na dara, amma ƙasa-ƙasa.

A shafi na arba'in da ɗaya
dariyar ta maƙale min kamar ƙayar kifi.
Wani ne da ba a raɗa masa suna ba,
mai ɓoye silifas ɗin alwala a ƙarƙashin tebur,
mai cewa "ranka ya daɗe" ga yaron da ya haifa a haife,
ya haddace lambar kowane fayil
amma sai ya tambayi matarsa ajin da 'yarsa take.

Wa ya tsegunta wa marubucin nan?
Ban taɓa ganinsa a Bompai ba,
bai taɓa matse ni a adaidaita sahu ba.
Ina ya ji labarin Nafi'u,
da takardar sallamarsa ta fara da "Muna godiya"?
Ranar an raba lemo da cincin.
Na ci. Har na ƙunso wa yara.

Na rufe littafin. Wuta ta ɗauke.
Tabawa ta ce tuwo ya huce, na ce bari.

Da safe, takwas saura takwas, na sa hannu a rajista,
na tura shi can ƙasan aljihun tebur
inda nake ajiye maganin hawan jini.
Fanka tana kaɗa min wuyan riga.
Jefi-jefi nakan yi gyaran murya,
ba don kowa ba,
don dai in ji da kunnena.