Kwanukan Barikin Ladi

Ni ba malamin duba ba ne,
injin niƙa gare ni a bayan tasha,
amma ajiye kwanonki a layi
in gaya miki yadda gidanku ya kwana.

Ƙarfe shida, raɓa na kwance kan rufi,
sanyin dutse na cizon yatsa.
Ladan ya yi shiru tun ɗazu,
ƙararrawar coci ta karɓa daga tsallake.
Sai in tofa yawu a tafi, in murɗa hannun inji.
Sau uku yake ƙi, a na huɗu ya yi tari,
kamar tsohon da aka tasa bai gama mafarki ba.

Ngo Kaneng ce kullum a gaba:
"Ɓarza min, Ɗan'asabe, kada ka lallasa,
gwate zan yi, ba kunun jinjiri ba."
Tasalla mai ƙosai na biye tana hamma,
wakenta ya sha ruwa tun dare.
Ga yaron Nkechi da bokitin tumatir,
ga 'yar Arɗo da gero, za a kirɓa fura,
takalminta duk jar laka.

In mudu uku ya koma ɗaya da rabi,
albashin ƙaramar hukuma bai sauka ba.
In na ji citta da kanumfari a cikin gero,
akwai mai jego a gidan.
In dankali ya yi kuɗi,
sunaye su fara gogewa a littafin bashina.
In ƙanƙara ta zubo ta yayyage kabeji,
sai in sayi sabon biro.

Inji ya cinye min rabin kunne,
ido ya gaji aikin.
Mata su tsaya a gabana suna sakin zance,
wai ai kurma ne, ba ya ji.
Leɓe nake karantawa.
Na san wanda ya jinginar da babur,
na san wadda ɗanta ya daina kira daga Abuja.
Ban taɓa kai wa kowa ba. Niƙa aka ba ni.

Da azahar bel ya tsinke.
Sai gari ya faɗo min a kunne gaba ɗaya:
gudumar maƙeri, kukan akuya,
'yan firamare na rera lissafi,
kwandasta na rantsuwa saura mutum ɗaya.
Davou da Balele suka fito daga ramin kuza,
laka har ƙugu, abin da suka wanke bai cika gwangwani ba.
Suka riƙe min bel ina ɗinkewa da waya,
suna musun ƙwallo, suna ɗumama hannu a jikin inji.

Akwai wani kwano a saman kanta,
shuɗi, bakinsa ya ɗan ɓantare.
Ranar da aka ce kowa ya shige gida,
wata yarinya ta ajiye shi, ta ruga.
Na niƙa masarar. Na jira.
Garin ya yi tsutsa, na zuba wa kaji.
Shekara uku ke nan ina goge kwanon ran Asabar.
Ban san daga wane tsallaken titi ta zo ba,
kwano bai faɗa min ba,
shi kaɗai ne ya ƙi yi min magana.

Magariba, in kashe, in share ƙasa:
ɓurɓushin masara, dawa, wake, barkono,
babu mai iya tsince na wane daga na wance.
In isa gida fari fat har gira,
Uwale ta tare ni a ƙofa da tsumma:
"Tsaya nan, kakkaɓe tukuna,
kada ka shigo min da gari duka cikin ɗaki."