Kaskon Baba

Shekara talatin da ɗoriya yana ɗakin Baba,
kasko baƙi mai faɗin baki,
gindinsa a tokare da ɓarin dutse.
Na tashi na tarar da shi.
A bakinsa na gasa gyaɗa, na ƙona yatsa,
a gefensa na yi barci kafin tatsuniya ta ƙare.

Bana da dari ya sauko Daura,
irin wanda ke sa ruwan randa cizon haƙori,
sai tsagar da ke kwance tun bara ta buɗe baki.
Baba ya ɗaure ta da waya, ya liƙe da laka.
Kwana uku, laka ta zube.
Wani dare garwashi ya sulale ta ƙasa
ya ci gefen tabarma, ya kusa kai ga gwado.
Ƙaurin ne ya tashe shi.

Na ce, Baba, ya isa haka.
Ya ce, ni da shi wa ya fi tsufa?

Na fara kawo na lantarki daga Katsina,
ja, mai ido biyu kamar na mage.
Ya yi daren farko yana haske.
Dare na biyu aka ɗauke wuta,
ya zauna a lungu yana jin sanyi tare da mu.

Na koma wurin Barau maƙeri,
ya ƙera mini na ƙarfe mai ƙafa uku da hannu.
Baba ya gwada shi mako guda
ya ce, wannan halin yaro gare shi,
nan da nan ya yi zafi, nan da nan ya huce,
kafin kiran assalatu ya bar ni da gwiwoyina.
Yumɓu kuwa riƙe amana yake,
ka rufe shi da toka, ya kai ka asuba.

Sai ya juyo da tsohon kaskon, ya nuna mini leɓensa.
Ga shatin babban yatsa a nutse cikin yumɓu.
Na Lantana ne, in ji shi, maginiyar bayan kasuwa,
uwarka ta saye shi a hannunta
shekarar da aka haife ka.
Dukansu biyu sun riga mu.
Ban ce komai ba. Me zan ce?

Jikar Lantana, Kande, tana nan da sana'ar.
Na ɗauki kaskon a bayan babur, a naɗe cikin buhu,
don ta ga girma, ta gina irinsa.
Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya amsa a dishe.
Ta ce, bar mini shi.
Sabon yumɓu ba ya jure wuta shi kaɗai,
sai an daka tsohon tsingaro an cuɗa a ciki.

A gabana ta sa shi a turmi.
Na kau da kai a bugun farko.
Leɓen mai yatsa kaɗai na tsame na sa aljihu.

Kwana tara muka jira,
Baba da bargo biyu da na ƙarfen da ya raina.

Ran da na kawo sabon, ja ne, yana ƙamshin gashi.
Baba ya shafa shi ciki da baya, bai yaba ba.
Na zuba gawayin kirya, na fifita,
na bar taga da 'yar kafa don hayaƙi.
Ya miƙa tafukansa, ya daɗe shiru.

Da asuba na leƙa.
Ya tone toka da tsinke, ga jan ido a ƙasa.
Ya ɗora butar alwala a gefe,
ya ce, ba tare da ya dube ni ba,
miƙo mini dutsen nan,
wannan ma gindinsa rawa yake.